Masu Kai Ruwa Kan Dutse

Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma a wurinta na fara ganin aikin da injiniyoyin ruwa ke yi. Idan ruwan fari ya sauka, rafi ya kawo jajawur da laka, sai ta sa a cika mata randa. Ta kwance bakin zanenta, ta ɗauko ɗan dunƙulen alif, ta tsoma hannu ta zagaya da shi cikin ruwan sau biyu ko uku, ta fitar, sannan ta ce kada wanda ya sake ya taɓa randar sai bayan la'asar. Lokacin na yi, in ka leƙa, sai ka tarar ruwan ya washe garau, lakar duk ta kwanta a gindi. Ba ta da ma'auni sai ido da hannu. In ta bar alif ɗin ya jima a ciki, ruwan zai yi bauri ya kama harshe. In ta yi saurin cirewa, ya tsaya da hazo-hazo kamar ruwan tsarin gero.

Wannan dabara ce dai ake amfani da ita yau wajen shayar da birni kamar Kano, sai dai randar ta girma ƙwarai. An gina sabuwar matatar ruwa ta Tamburawa don ta riƙa tace wa birnin lita miliyan 150 a kowace rana. Adadin ba ya zama a kai sai an mayar da shi abin da muka saba gani. Jarkar da 'yan garuwa ke sayarwa tana cin lita 25, ke nan jarka miliyan shida. In kura ɗaya na ɗaukar jarka goma sha biyu, ana maganar kura dubu ɗari biyar a yini guda, kowacce da nauyin kilo ɗari uku. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan garuwa ya duƙa yana tura kura a hawa cikin zafin bazara, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya san abin da kilo ɗari uku na ruwa ke nufi. Aikin injiniyan ruwa shi ne ya ɗauke wannan nauyi daga kafaɗar mutane ya ɗora wa bututu, ya kuma tabbatar abin da zai fito a bakin famfo jariri zai iya sha.

Kafin a zo maganar tacewa, sai an samu ruwan tukuna, kuma a ƙasarmu wannan ita ce tambayar farko. Damina wata huɗu ce, in ta yi kyau biyar, sauran watanni ko ɗigo ba a gani. Kogunanmu kuma na yashi ne: su cika su batse a watan Agusta, kafin bazara yara na buga ƙwallo a tsakiyarsu. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka fara jawo wa birni ruwan famfo daga kogin Challawa, wajen Panshekara. Da gari ya bunƙasa, ya zama dole a kama ruwan damina a ajiye shi domin rani. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya tare kogin Kano. Na Challawa da ke ƙasar Ƙaraye ya biyo baya a 1992. Daga lokacin ne waɗannan koguna suka daina ƙafewa ƙaf, domin ana sako musu ruwa da lissafi. Wanda ke riƙe da wannan lissafi yana raba abu ɗaya ga masu buƙata da yawa: birni na jira, manoman rani na Kadawa da Kura na jira, can ƙasa kuma masunta da makiyaya da manoman fadamun Haɗeja da Nguru rayuwarsu ta rataya a kan abin da ya wuce musu. Rana ma tana shan nata kaso daga saman dam ɗin kullum, kuma dole a sa shi cikin lissafi.

Na taɓa samun damar shiga wata matatar ruwa a tsakiyar damina, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba manyan injuna ba ne. Wani ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya, a kansa kofunan gilashi guda shida a jere, kowanne da ɗan ƙarfe mai juyawa a ciki kamar maburgi. Wata matashiyar injiniya ta cika su da ruwan kogin da aka ɗebo da safiyar ranar, ja kamar kunun kanwa. Ta ɗiga wa na farko ruwan alif kaɗan, na biyu ta ƙara, na uku ta ƙara a kan haka, har zuwa na shida. Ta kunna maburgan da ƙarfi kamar minti ɗaya, sannan ta rage su suka koma juyawa a hankali kamar mai dama koko yana tsoron gudaji.

Na ce, "Injiniya, me ya sa aka rage gudun?"

Ta ce, "Malam, matso kusa ka zuba ido a kan na huɗu."

Na matsa. Cikin 'yan mintoci sai ga wasu 'yan ƙananan abubuwa sun fara bayyana a cikin ruwan, suna haɗuwa suna girma, kamar yadda nono ke tsinkewa. Da ta kashe maburgan, sai suka riƙa sauka ƙasa a hankali, ruwan sama ya washe. Kofi na farko da na biyu suna nan da jansu. Na shida, wanda ya fi kowanne shan alif, bai kai na huɗu haske ba.

Ga abin da ke faruwa. Lakar da ke sa ruwan kogi ja ta fi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba. Ƙwayoyinta ƙanana ne har nauyinsu ba ya iya kai su ƙasa, kuma kowacce na ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da na 'yar'uwarta, saboda haka suna ture juna, ba sa yarda su haɗu. Ko mako aka bar ruwan, zai iya tsayawa da jansa. Alif shi ke kashe wannan caji, sai ƙwayoyin su fara manne wa juna. Juyawa da ƙarfi a farko don alif ɗin ya game ruwan nan take ne. Juyawa a hankali daga baya kuwa don ƙwayoyin su riƙa karo da juna suna curewa, ba tare da an farfasa curin da ya riga ya haɗu ba. In alif ya yi kaɗan, laka ta wuce gaba ta toshe matata. In ya yi yawa, an yi asarar kuɗi, ruwan ya yi tsami, ya shiga cin bututu, har sai an sa masa farar ƙasa ta daidaita shi. Kofin da ya fi kyau shi ke gaya wa ma'aikata buhun alif nawa za su narkar a ranar. Kuma amsar jiya ba ta yi wa yau aiki. Hadari ɗaya ya sauka a saman kogi cikin dare, kafin asuba ruwan ya canza, a sake jera kofuna. A ganina a nan ƙwarewar take: mutum ya san koginsa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, ya kalli launin ruwa ya yi hasashen abin da gwaji zai nuna, amma duk da haka ya yi gwajin.

Daga nan ruwan ya shiga manyan kwatamai na siminti inda yake tafiya a hankali, laka ta samu sararin kwantawa, a riƙa zuƙe ta daga ƙasa ana fitarwa. Ruwan sama ya tsiyaye zuwa matata, wadda ba komai ba ce illa shimfiɗar yashi mai kauri a kan tsakuwa. Amma ba kowane yashi ba. Ana tankaɗe shi a zaɓi ƙwayar da ta dace, domin in ya cika laushi zai toshe da wuri, in ya cika kaushi datti ya bi ta tsakaninsa ya wuce. Idan yashin ya ƙoshi da datti, sai a wanke shi ta hanyar da ta ba ni sha'awa ƙwarai: a turo iska da ruwa mai tsabta daga ƙasa zuwa sama, yashin ya tashi yana tafasa kamar tukunyar da ke kan wuta, dattin ya rabu da shi ya malale ta magudana. A kashe, yashin ya koma ya kwanta inda yake. In aka turo ruwan da ƙarfi fiye da kima, yashin ma sai ya bi dattin ya tafi.

Ruwan da ya fito daga nan garau yake, amma haske ba ya nuna lafiya. A nan ne dabarar kakata ta tsaya, ilimin zamani ya ɗora. Ƙwayoyin cutar kwalara da taifot ido ba ya ganinsu. A shekarar 1854, lokacin da amai da gudawa ke kashe mutane a wata unguwa a Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da aka yi rashi, ya gano yawancinsu daga famfon tuƙa-tuƙa guda suke ɗiban ruwa, a titin Broad, har ya sa hukuma ta cire wa famfon hannu. A 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara sa wa ruwan shan jama'a sinadarin kulorin a kai a kai domin kashe irin waɗannan ƙwayoyin cuta, kuma daga nan abin ya yaɗu. Yawan da ake buƙata ya saura a cikin ruwa ɗan kaɗan ne: tsakanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa rabin miligiram a kowace lita. A tanki mai cin lita dubu goma, wannan bai wuce giram biyar ba, kusan nauyin sukari cokalin shayi guda. Ana ba shi aƙalla rabin sa'a ya yi aikinsa kafin a saki ruwan. Wuyar abin ita ce kulorin yana ƙarewa a hanya. Zafi na cinye shi, tsatsar bututu na cinye shi, tsawon tafiya na cinye shi. Dole injiniya ya sa adadin da mai gida na kusa da matata ba zai ce ruwan na warin magani ba, shi kuma na ƙarshen layi, kilomitoci da dama nesa, ya samu ragowar da za ta kare iyalinsa. Wannan ɗan ƙanshi da wasu ke ƙyama a ruwan famfo, ni in na ji shi hankalina kwanciya yake yi.

An gama tacewa, saura kaiwa, kuma nan ne na fi jinjina wa masu wannan sana'a. Ruwa halinsa ɗaya, gangara yake bi. Kogi yana kwari, gari yana tudu. Wanda ya kalli Goron Dutse zai ga dutse ne kawai a yammacin birni, amma wanda ya tsara ruwan Kano ya gan shi a matsayin kyauta, shi ya sa aka ɗora tankunan ajiya a kansa. Injuna su yi wahalar tura ruwa daga bakin kogi zuwa can sama, daga nan ruwan ya sauko da nauyinsa, ya shiga kowane lungu ba tare da an sake tura shi ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowace mita goma ta tsawo tana ba ruwa ƙarfin danna kilo ɗaya a kan ɗan fili da bai fi farcen yatsa ba. Tankin roba da ake ɗorawa a kan ƙarfe a gidaje wannan ƙa'idar yake bi. Bambancin shi ne injiniyan birni yana da dubban gidaje, wasu a kwari wasu a tudu, wasu a gindin dutse wasu a ƙarshen gari, kuma ruwa na rasa ƙarfi a duk mitar da ya yi yana gogar bangon bututu. In ya ƙara ƙarfi don na nesa su samu, bututun na kusa ya fashe. In ya rage don tsaron bututu, bene mai hawa biyu ya kwana babu ruwa. Sai ya raba gari shiyya-shiyya gwargwadon tsawon ƙasa, ya sa bawul nan ya rage ƙarfi, ya sa ƙaramin injin can ya ƙara.

Tankin kan dutse yana da wani amfanin. Mutane ba sa buɗe famfo daidai wa daida cikin yini. Da asuba gari gaba ɗaya ke tashi: alwala, wanka, wankin yara 'yan makaranta, ɗora koko. Da yamma a sake yi. Ranar Juma'a kafin masallaci kuwa abin ya ninka. Tsakar dare ba mai taɓa famfo sai mai lalura. Matata ba ta son a riƙa taka mata totur ana sakewa, ta fi aiki da kyau in tana tafiya bai ɗaya. Saboda haka tanki ya cika da dare lokacin da gari ke barci, ya biya buƙatar asuba daga abin da ya tara. In wuta ta ɗauke ma, abin da ke sama zai riƙe mutane na ɗan lokaci.

Shi kansa girman bututu ilimi ne. Mutum zai zaci bututu mai inci takwas ninkin mai inci huɗu yake ɗauka. A gangara iri ɗaya, yana ɗaukar kusan ninki shida. Amma ya fi tsada, kuma bututu ba riga ba ce da za a sake ɗinkawa baɗi. In an binne shi, an shimfiɗa kwalta a kai, an yi gine-gine a gefe, to sai bayan shekaru masu yawa. Don haka injiniya yana tsara aiki ne domin mutanen da ba a haifa ba tukuna. Garin da jama'arsa ke ƙaruwa da kashi uku cikin ɗari a shekara, cikin shekara 23 zuwa 24 zai ninka. Dole ya zauna da taswira ya yi tunanin inda gari zai miƙe, wace gona ce za ta zama unguwa, ina kasuwa za ta ci. Duk wanda ya san Kano shekara talatin baya ya san wuraren da ake noma gero a lokacin, yanzu gidaje ne manne da juna, lunguna ko mota ba ta shiga, balle motar haƙa ramin bututu.

Akwai kuma halayen ruwa a cikin bututu da sai wanda ya yi aikin ya sani. Ruwan da ke gudu a babban bututu nauyinsa ya kai na tireloli da yawa a jere. In aka rufe bawul farat ɗaya, ko wuta ta ɗauke injin ya tsaya cak, duk wannan nauyi sai ya daki bangon bututu kamar guduma, har ya tsaga ƙarfe. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci yana murɗa babban bawul a hankali, yana ƙirga zagaye, yana tsayawa yana saurare. Iska ma abokiyar gaba ce. Takan taru a inda bututu ya hau tudu ta tokare hanya, saboda haka ake sa mata 'yar mafita a irin waɗannan wurare, a kwari kuma a sa wurin zubar da lakar da ta taru.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: bututun da ke cike da ruwa yana kare kansa. Ko yana da huda, ruwa ne ke fita, ba abin da ke shiga. Amma ranar da aka ɗauke ruwa, bututu ya zama fanko, sai ya koma zuƙa. A unguwanninmu kuwa sau nawa ka ga siririn bututun gida ya ratsa ta cikin kwata, an ɗaure inda ya fashe da robar tayar keke? Duk abin da ke cikin kwatar nan bututun zai sha, ya ajiye, ranar da aka sako ruwa ya kai shi randar mutane. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan farko bayan yankewa yakan zo da launi da wari. Saboda haka ruwan da ake kawowa yau a ɗauke gobe ba ƙarancinsa kaɗai ne illarsa ba, yana iya warware duk wahalar da aka sha a matata. Kuma abin da ke sa a ɗauke ruwa sau da yawa ba rashin ruwa a kogi ba ne. Wutar lantarki ce, da kuɗin man janareta, da kuɗin alif da kulorin, da kayan gyaran injin da ya tsufa. Ina ganin ya kamata mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'armu nawa suka ware domin waɗannan, kamar yadda muke tambayarsu sabon aiki nawa za su buɗe.

Da famfo ya yi rauni, kowa ya koma haƙa rijiyar burtsatse, kuma ban ga laifin mai gidan da ya nema wa iyalinsa mafita ba. Sai dai ƙarƙashin yawancin Kano dutse ne. Ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, ba teku ba ne a shimfiɗe. Masana kan bi fili da wayoyi da turakun ƙarfe, su tura lantarki cikin ƙasa su auna yadda take karɓarsa, don su gane inda tsaga mai ruwa take. Duk da haka maƙwabci na iya samun ruwa a yalwace, kai ka haƙa a bayan katangarsa ka tarar da ƙura. In burtsatse ta yi yawa a unguwa ɗaya, sai su riƙa janye wa juna, rijiyoyin gargajiya na marasa ƙarfi su fara ƙafewa. Ga kuma shadda. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, to a filin da bai fi ƙafa hamsin ba ina za a samo ta? Bututu ɗaya da aka kula da shi, daga matata ɗaya da ake gwada ruwanta kullum, ya fi rijiyoyi dubu da ba wanda ya taɓa auna abin da ke cikinsu. Kuma talaka ne ya fi cin moriyarsa, domin mai sayen ruwa jarka-jarka yakan biya kuɗin lita fiye da mai famfo a gida, ga 'yarsa da ke makara zuwa makaranta saboda layin ɗiban ruwa.

Injiniyan da ya san aikinsa ya san ba a taswira kaɗai ake gama shi ba. Kafin ya kafa famfon unguwa yakan zauna da mai unguwa da liman, ya kuma nemi hanyar jin ta bakin matan gida, tun da su suka san lokacin da ake buƙatar ruwa da inda yarinya za ta iya zuwa ba fargaba. Yakan tambayi wa zai riƙe makulli, wa zai karɓi ɗan kuɗin gyara, ina za a samu roba in ta cinye, ina ruwan da ya zube zai bi don kada gindin famfo ya zama kududdufin sauro. 'Yan garuwa ma ba ya mayar da su abokan gaba, domin su ne ke kai ruwa lungun da bututu bai isa ba, kuma in sun ɗiba daga wuri mai tsabta cikin jarka wankakka, unguwa ce ta tsira.

Wata shekara ruwa ya yi rauni a layinmu. Da yana zuwa da ƙarfi, sai ya koma tsiyaya, daga baya sai gidajen gangare kaɗai ke samu. Muka duba ko'ina ba mu ga alamar yoyo ba, ƙasa a bushe ƙamas. Aka turo mana wani dattijo, tsohon ma'aikacin ruwa, ya ce shi ba ya wannan aiki da rana. Ƙarfe biyun dare ya iso a kan keke, riƙe da wata sandar ƙarfe doguwa mai ƙulun katako a kai. Ya roƙi mai shayin bakin titi ya kashe ɗan janaretansa. Da gari ya yi tsit, sai ya ɗora tsinin sandar a kan bawul ɗin da ke bakin layi, ya manna kunnensa a katakon, ya rufe ido.

Na ce, "Baba, me kake ji?"

Ya ɗaga mini hannu alamar in dakata. Can ya ce, "Malam, kowa ya yi barci, ba mai buɗe famfo, amma ruwa na gudu. Zo ka ji."

Na sa kunne. Da farko ban ji komai ba sai bugun jinina. Daga baya na fara jin wani siririn sauti, kamar hucin tayar da ƙusa ta huda. Ya karɓi sandarsa ya fara tafiya a kan hanyar bututun, wadda ya haddace ba tare da takarda ba. In ya yi taku kaɗan sai ya kafa sandar a ƙasa ya saurara. Ya wuce wani wuri, ya dawo, ya sake wucewa, ya sake dawowa, yana ta rage tazarar har ta koma taku biyu. Ya ciro gawayi daga aljihu ya yi zane a jikin katangar da ke daura da wurin.

Da safe aka haƙa. Ba a kai ƙugu ba ƙasa ta fara laushi, sai ga bututu ya tsage ta ƙasa, ruwa na feshi, ya haƙa wa kansa hanya zuwa cikin lambatu, shi ya sa ko sau ɗaya bai fito sama ba. Dattijon ya tara gwangwanin lita ɗaya, ya cika cikin daƙiƙa biyar. Na yi lissafi a waya: lita fiye da dubu goma sha bakwai a yini, kusan jarka ɗari bakwai, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ruwan da aka tare a dam, aka sa masa alif, aka tace, aka sa masa kulorin, aka ƙona mai aka hau da shi tudu.

Suka yanke inda ya lalace, suka sa sabon guntu, suka ɗaure. Kafin a mayar da ƙasa ya sa aka shimfiɗa yashi a ƙarƙashin bututun da gefensa, ya tsince duwatsu da hannunsa, domin ya ce dutsen da bututu ya kwanta a kai shi ne ya tsaga shi tun farko, da motoci suka yi ta bi ta sama. Sannan ya bi gida-gida yana cewa a buɗe famfo a bar ruwan farko ya zube, kada a sha sai ya washe. A ƙofar gidanmu ya tara moɗa, ya ɗaga ta ya duba a hasken rana, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya kurɓa. Ya naɗe sandarsa a tsohon buhu, ya ɗaure a bayan keke, ya tambaye mu hanyar da ta fi kusa zuwa wata unguwa da aka ce masa can ma ruwa ya yi rauni.